Tsufa a Cikin Kwalba: Darasi a Kan Yis, Iskar Oksijin da Giyar Inabi ta Faransa

Gabatarwa

A ƙasashen Turai masu noman inabi, musamman Faransa, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci wa manoma da 'yan kasuwa da masu ajiya tuwo a ƙwarya. Tambayar kuwa ita ce: kwalbar giyar inabin da aka yi shekaru ashirin ko talatin da suka wuce, lokacin buɗe ta ya yi, ko kuwa a ci gaba da ajiye ta? A wurinsu wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin dukiya mai ɗimbin yawa ta rataya a kanta. Alal misali, a watan Oktoba na shekarar 2018 an yi gwanjon kwalba ɗaya tak mai suna Romanée-Conti, girbin 1945, a birnin Niyok, aka saye ta a kan Dalar Amurka 558,000. Mai ajiyar da ya yi gaggawar buɗe kwalbarsa ya yi asarar abin da ya zuba wa kuɗi, wanda kuma ya yi jinkiri fiye da kima zai tarar abin da ke ciki ya riga ya lalace, babu kuma wata dabarar mayar da shi yadda yake.

Mai karatu yana iya cewa, me ya kawo zancen giya cikin wannan shafi? Sanin kowa ne cewa addinin Musulunci ya haramta shanta, likitoci kuma sun tabbatar da cutarwarta, kamar yadda bayani zai zo a gaba. Dalilinmu shi ne, wajen neman amsar wannan tambaya ne masana suka gano da yawa daga cikin ƙa'idojin da muke koyarwa a ajin ilimin halittu, kamar aikin yis, da ɓarnar bakteriya, da tasirin iskar oksijin, da hikimar ɗumama madara don kada ta lalace. Kwalbar da aka toshe aka ajiye tamkar ƙaramin ɗakin gwaji ce, inda aikin sinadarai yake tafiya sannu a hankali tsawon shekaru. Ɗalibin da ya fahimci abin da ke gudana a cikinta zai fahimci dalilin da ya sa man gyaɗa yake yin wari, da dalilin da ya sa ake rubuta ranar ƙarewar aiki a jikin kwalin magani.

Daga Ruwan Inabi Zuwa Giya

Ɗan Adam ya daɗe da sanin cewa ruwan inabi yana rikiɗewa idan aka bar shi. Masu tonon kayan tarihi sun sami alamun giyar inabi a jikin fasassun tukwane a ƙasar Jojiya, waɗanda suka kai kimanin shekaru 8,000. To, amma sanin musabbabin wannan rikiɗa bai samu ba sai a ƙarni na 19.

Nunannen inabi yana ɗauke da sukari mai yawa, kimanin giram 200 zuwa 250 a kowace lita ta ruwansa. Idan aka matse shi, wata ƙaramar halitta mai ƙwaya ɗaya daga dangin funfuna, wadda ake kira yis, takan shiga cin wannan sukari domin ta sami kuzarin rayuwa. Sunanta na kimiyya Saccharomyces cerevisiae, kuma ita ce dai mai gidan burodi yake zubawa a ƙullunsa. Inda babu isasshiyar iska, yis ba ya iya ƙone sukarin gaba ɗaya, sai ya farfasa shi gida biyu, wato sinadarin itanol, wanda shi ne mai sa maye, da iskar kabon-dayoksaid. Wannan aiki shi za mu kira tsimuwa, kuma ga yadda ake rubuta shi:

C6H12O6 → 2C2H5OH + 2CO2

Kimanin giram 17 na sukari a lita guda shi yake ba da kashi ɗaya cikin ɗari na itanol. Saboda haka akasarin giyar inabi takan tsaya tsakanin kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari. Idan itanol ya doshi kashi 15, shi kansa yis ɗin sai ya kasa rayuwa a ciki, aikinsa ya tsaya.

Bayan wannan akwai tsimuwa ta biyu, wadda wata bakteriya mai suna Oenococcus oeni take yi. Ita kuwa tana juya asid ɗin malik, mai kaifin tsami irin na ɗanyen 'ya'yan itace, zuwa asid ɗin laktik, mai sassaucin tsami irin na nono. Daga nan sai a zuba giyar a gangunan katako na wasu watanni, a yankin Bordo har yakan kai shekara ɗaya da rabi ko biyu, sannan a ɗura ta a kwalabe a toshe. Daga wannan rana ake son aikin ƙananan halittu ya ƙare, ya rage sai na sinadarai kaɗai.

Me Ake Nufi da Shekarar Girbi?

Shekarar da ake bugawa a jikin kwalba ita ce shekarar da aka tsinke inabin. Ana ba ta muhimmanci ne saboda inabi tsiro ne, kuma abin da 'ya'yansa suka ƙunsa ya dogara ga yanayin da suka nuna a ciki, kamar yadda manomin gero ya san damina ba ta zama ɗaya da 'yar'uwarta.

A Bordo, wanda ke kudu maso yammacin Faransa, ana girbi ne a watannin Satumba da Oktoba. A shekarar 1945 jaura ta ƙone wani ɓangare na gonaki a watan Mayu, sannan aka sami bazara mai zafi da ƙarancin ruwa. Amfanin ya yi kaɗan, 'ya'yan suka fito ƙanana masu kaurin fata, sinadaran da ke cikinsu suka tattaru wuri guda. Giyar wannan shekara, da ta 1961 wadda ita ma amfaninta ya yi kaɗan, sun jure ajiyar shekaru hamsin har da ɗoriya. A ɗaya ɓangaren kuma, a shekarun 1963 da 1965 da 1968 ruwan sama ya yi yawa, funfuna ta kama inabin, ruwansa ya tsinke, giyar da aka samu ba ta yi ƙarko ba. Ke nan, gona ɗaya da manomi ɗaya suna iya fitar da abin da zai shekara hamsin a bana, su fitar da wanda ba zai wuce shekara biyar ba a baɗi.

Guzuri Huɗu na Doguwar Tafiya

Kafin a ce za a ajiye kwalba, sai an fara duba guzurin da ta taho da shi daga gona. Abubuwa huɗu ne suke ba ta ƙarko.

Na farko shi ne tsami. Inabi yana da asid ɗin tatarik da na malik, waɗanda suke sa ma'aunin tsamin giya, wato pH, ya tsaya tsakanin 3 da 4. A irin wannan tsami yawancin bakteriya ba sa iya hayayyafa, kuma aikin iskar oksijin yana raguwa. Gwargwadon ƙarfin tsamin, gwargwadon juriyar giyar.

Na biyu shi ne tanin, sinadarin da ke cikin fatar inabi da ƙwallonsa da kuma katakon ganga. Wannan sinadari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin shi ne yake cikin bagaruwar da majema suke jiƙa fata da ita. Halinsa shi ne kama furotin ya ɗaure shi. A marina ta majemi yana ɗaure furotin ɗin fata ya hana ta ruɓewa, a baki kuwa yana ɗaure furotin ɗin miyau, sai mutum ya ji baurin nan da ake ji idan an tauna goro ko an sha shayin da ya daɗe a wuta. Jar giya tana da tanin da yawa saboda ana tsima ta ne tare da fatar inabin, fara kuwa ana raba ta da fatar tun da wuri. Amfanin tanin wajen ajiya shi ne yakan tari iskar oksijin ya haɗu da ita kafin ta kai ga sauran sinadarai.

Na uku shi ne sukari. Idan ya yi yawa yakan janye ruwa daga jikin ƙananan halittu, kamar yadda zuma take yi. A yankin Sotan, kusa da Bordo, wata funfuna mai suna Botrytis cinerea takan huda fatar inabi ruwansa ya ƙafe, sukarin ya tattaru. Giyar da ake yi da irin wannan inabi tana iya wuce shekara ɗari.

Na huɗu shi ne itanol kansa, wanda yake kashe ƙananan halittu idan ya yi yawa. A ƙasar Fotugal akan ƙara shi a wasu nau'o'in giya har ya kai kusan kashi 20 cikin ɗari, saboda haka suke daɗewa.

Giyar da ba ta da isasshen ko ɗaya daga cikin waɗannan, ajiya ba ta ƙara mata komai sai lalacewa. Akasarin abin da ake yi a duniya irin wannan ne, ba don ajiya aka yi shi ba. Misali mafi bayyana shi ne sabuwar giyar yankin Bojole, wadda ake fitar da ita kasuwa ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba, makonni kaɗan bayan girbi, kuma masu yin ta ba sa nufin ta daɗe.

Louis Pasteur da Cututtukan Giya

A tsakiyar ƙarni na 19 cinikin giyar Faransa ya shiga wani hali, domin gangunan da ake aikawa ƙasashen waje sukan isa sun yi tsami, ko ɗaci, ko yauƙi. A shekarar 1863 Sarki Napoleon na Uku ya nemi Louis Pasteur ya binciki al'amarin. Pasteur ya tafi garin Arbois, inda ya tashi tun yana yaro, ya riƙa ɗibar lafiyayyar giya da lalatacciya yana dubawa da madubin ƙara girma. Sai ya ga kowace irin lalacewa tana tafiya da irin ƙaramar halittar da ta keɓanta da ita. Ya kuma nuna cewa idan aka ɗumama giya zuwa digiri 50 ko 60 a ma'aunin Salshiyas na ɗan lokaci, waɗannan halittu suna mutuwa ba tare da an ɓata ta ba. Ya yi rajistar wannan dabara a 1865, ya kuma wallafa littafinsa a kan giya a 1866. Daga baya aka ɗauki dabarar aka yi amfani da ita a kan madara, inda a yau ake ɗumama ta zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15. Yaran da wannan aiki ya kuɓutar daga cututtukan da ɗanyar madara take yaɗawa, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Babbar mai ɓarna a cikin halittun nan ita ce bakteriya mai suna Acetobacter. Ita ba ta aiki sai da iska. Idan ta samu, sai ta juya itanol ya zama asid ɗin asetik, wato ruwan khal, wanda wasu suke kira finiga:

C2H5OH + O2 → CH3COOH + H2O

Wannan rikiɗa malaman fiƙihu sun san da ita tun da daɗewa, har sun yi bayanin hukuncin giyar da ta juye da kanta ta zama khal.

Pasteur ya yi wani gwajin wanda ya fi kusa da tambayarmu. Ya zuba sabuwar giya a bututun gilashi, wasu ya cika su maƙil, wasu kuma ya bar rabinsu da iska, sannan ya liƙe bakinsu duka. Bayan wani lokaci, wadda aka cika tana nan kusan yadda take, wadda aka bari da iska kuwa launinta ya canza, laka ta kwanta a ƙasanta, ta ɗauki kamannin tsohuwa. Daga nan ya fahimci cewa iskar oksijin tana da hannu dumu-dumu a tsufan giya, ko da babu wata halitta a ciki.

Binciken da aka yi bayansa ya fayyace yadda abin yake. Oksijin yakan fara haɗuwa da tanin da danginsa, da taimakon ɗan ƙarfe da tagullar da ke narke a cikin giyar. Daga wannan haɗuwa ake samun sinadarin da yake juya wani ɓangare na itanol zuwa asetaldihaid. Shi kuma asetaldihaid yakan zama kamar igiya, ya ƙulla tanin da antosayanin, wato sinadarin da ke ba jan inabi launinsa, wanda danginsa ne suke ba zoɓo nasa jan. Ƙulle-ƙullen nan suna girma har wasunsu su yi nauyi su kwanta a ƙasan kwalba. Sakamakon haka bauri yakan ragu, launi kuma ya tashi daga shunayya zuwa ja, daga ja zuwa launin jan bulo, daga nan zuwa ruwan ƙasa. Farar giya ita ma tana tafiya daga fari-fari zuwa ruwan zinariya, ta ƙare a ruwan ƙasa. Wato oksijin kamar gishiri yake a miya: kaɗan gyara, da yawa ɓarna. Domin rage saurinsa masu yin giya suke zuba ɗan sinadarin salfa-dayoksaid, amma shi ma yana ƙarewa a hankali da wucewar shekaru.

Matoshin Kwalba

Tun da iska ce take yanke hukunci, matoshin kwalba shi ne mai tsaron ƙofa. Ana yin sa ne daga ɓawon wata bishiya mai suna Quercus suber, kuma kimanin rabin abin da duniya take samu daga Fotugal yake fitowa. Ba a fara ɓare bishiyar sai ta kai wajen shekara 25, daga nan sai bayan kowace shekara tara, kuma sai a ɓara ta uku ake samun ɓawon da ya dace da toshe kwalba.

Ɗalibin ilimin halittu ya riga ya haɗu da wannan ɓawo a ajin farko. Shi ne Robert Hooke na Ingila ya yanka siriri ya duba da madubinsa, ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma, ya kuma wallafa zanensu a shekarar 1665. Daga nan aka samo sunan da ake kiran ƙwayar halitta da shi a Turance har yau. Ɗakunan nan matattun ƙwayoyi ne cike da iska, bangonsu shafe da wani abu mai kama da kakin zuma da ake kira subarin, wanda ba ya barin ruwa ya ratsa. Shi ya sa matoshi yake matsuwa ya shiga wuyan kwalba, sannan ya kumbura ya toshe ta.

Sai dai matoshi abu ne da ya fito daga jikin bishiya, don haka babu biyu da suke daidai. Wani yana barin iska ɗan kaɗan ƙwarai, wani kuma fiye da haka. Wannan ne ya sa kwalabe goma sha biyu na akwati ɗaya, bayan shekara talatin, kowace takan kama gabanta. Haka kuma matoshi yana tsufa, ya yi laushi ko ya bushe ya tsuke. Al'adar masu ajiya ita ce su kwantar da kwalba a gefenta don ya zauna a jiƙe, su kuma sa damshin iskar ma'ajiya ya kai kimanin kashi 70 cikin ɗari. Akwai kuma wata matsalar: a farkon shekarun 1980 masana a ƙasar Suwizalan suka gano cewa wasu nau'o'in funfuna suna samar da wani sinadari mai suna TCA a jikin matoshi, wanda yake sa giya warin jiƙaƙƙen kwali. Hancin mutum yana jin sa ko da 'yan nanogiram ne a lita guda, alhali nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram.

Zafi da Haske

Akwai wata ƙa'ida ta kusan-kusan a ilimin sinadarai: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin haɗuwar sinadarai kimanin sau biyu. Ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa a Faransa takan zauna a wajen digiri 13, rani da damina. Idan muka bi ƙa'idar, a digiri 23 saurin ya ninka biyu, a 33 ya ninka huɗu, a 43 kuwa, zafin da Sakkwato da Maiduguri suke gani a watan Afrilu, ya ninka takwas. Bugu da ƙari, zafi ba ya hanzarta dukkan ayyukan daidai wa daida, ya fi tura masu ɓarna gaba. Hawa da saukar zafi ma illa ce, domin ruwan yana buɗewa ya tsuke, ya riƙa tura matoshi yana jawo iska. Haske kuma yana tayar da sinadarin ribofilabin da ke cikin giya ya haifar da wari, shi ya sa ake yin kwalaben kore ko ruwan ƙasa.

Teku ya ba da shaida a kan wannan. A shekarar 2010 masu nutso suka tarar da kwalabe 168 na giyar Shamfen a cikin wani jirgin ruwa da ya nitse a Tekun Baltik, kusa da tsibiran Aland na ƙasar Finlan. Kwalaben sun yi kimanin shekara 170 a zurfin wajen mita 50, cikin duhu, a sanyin digiri 2 zuwa 4. Masana na Jami'ar Reims suka auna abin da ke cikin wasunsu, suka wallafa sakamakon a 2015. Sun tarar giyar ba ta ruɓe ba, kuma sukarinta ya haura giram 140 a lita. Sanyi da duhu da yawan sukari sun taru sun kusa tsayar da agogonta.

Amma kusan tsayawa ba tsayawa ba ce. A shekarar 2019 aka buɗe wani kabari na zamanin Rumawa a garin Carmona na ƙasar Sifen, aka sami wani ruwa ja-ja a cikin tukunyar gilashi, mai kimanin shekara 2,000. Binciken da aka wallafa a 2024 ya nuna asalinsa farar giyar inabi ce, amma tsaminta ya tafi, launinta ya juye, sai 'yan alamun sinadarai suka rage da aka gane ta da su. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

To, Yaushe Ne Lokacin?

Daga bayanan da suka gabata, rayuwar giyar ajiya tana da matakai uku. A matakin farko bauri da tsami suna da ƙarfi, ƙamshin 'ya'yan itace yana nan sabo. A mataki na biyu baurin ya sauka, sababbin sinadaran ƙamshi sun samu, na asali kuma ba su gama gushewa ba. Wannan shi masu sana'ar suke kira ƙololuwa, kuma yana iya ɗaukar shekaru. A mataki na uku tanin da salfa sun ƙare, babu sauran mai tare oksijin, ƙamshi ya tafi, ya bar tsami da launin ƙasa. Ba a komawa baya daga kowane mataki.

Mai ajiya ba shi da na'urar da za ta faɗa masa ranar, sai dai ya haɗa alamu:

1. Asali da shekarar girbi. Shin giyar ta taho da guzurin doguwar tafiya? Idan ba ta da shi, jira asara ce tun daga farko.

2. Tarihin ajiya. Kwalbar da ta yi bazara ɗaya a ɗaki mai zafi ta girmi 'yar'uwarta da ke ƙarƙashin ƙasa, ko da rana ɗaya aka ɗura su.

3. Tsayin ruwa a kwalba. A kwalbar Bordo, idan ruwan yana wuya ko saman kafaɗa, matoshi ya yi aikinsa. Idan ya sauka tsakiyar kafaɗa ko ƙasa da haka, ruwa ya fita, iska ta maye gurbinsa.

4. Halin matoshi. Danshi ko ɗanko a bakin kwalba, ko matoshin da ya turo kai waje, alama ce ta yoyo ko ta zafi.

5. Launi. Akan haska fitila ta bayan kwalba. Ruwan ƙasa da gurɓacewa suna nuna an shiga mataki na uku. Lakar da ta kwanta a ƙasa kuwa ba aibi ba ce a tsohuwar jar giya.

6. Girman kwalba. Ta yau da kullum tana cin mililita 750, babbarta kuma lita ɗaya da rabi, alhali faɗin wuyansu kusan ɗaya ne. Saboda haka rabon iskar da kowace lita take samu a babbar ya fi ƙanƙanta, tsufanta ya fi jinkiri.

Bayan duk wannan, masu sana'ar sukan sayi akwati guda, su riƙa buɗe kwalba ɗaya bayan 'yan shekaru suna rubuta abin da suka tarar. A harshen kimiyya wannan shi ne ɗibar samfuri lokaci bayan lokaci. Idan alamu suka nuna an kai mataki na biyu, ƙarin jira ba shi da wata riba, haɗari kawai yake ƙarawa. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma a nan haƙurin da ya wuce iyaka ƙone girkin yake yi.

Abin da Tsufa Ba Ya Canzawa

Wajibi ne ɗalibi ya lura da cewa duk canje-canjen nan sun shafi launi da ƙamshi da ɗanɗano ne. Itanol ɗin da ke cikin kwalbar da aka toshe da kyau yana nan kusan yadda yake, shekara ɗaya ko hamsin. A jikin mutum hanta tana juya shi zuwa asetaldihaid, sinadarin nan dai da muka ambata, wanda yake lahanta ƙwayoyin halitta. Tun shekarar 1988 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji. A watan Janairu na 2023 Hukumar ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya, rahotonta na 2024 kuma ya nuna mutane miliyan 2.6 suka mutu a 2019 ta dalilin shanta. Tsadar kwalba da yawan shekarunta ba sa rage ko ɗaya daga cikin wannan.

Kammalawa

A taƙaice, tsufa ba ya ƙara wa kowane abu daraja, wanda yake ƙara wa ma yana da iyaka. Ƙarkon abin da aka ajiye ya dogara ga guzurin da ya taho da shi, da kuma yadda aka kare shi daga abokan gaba huɗu: ƙananan halittu, da iskar oksijin, da zafi, da haske. Su ne suke sa man gyaɗa da man shanu wari idan aka bar su a buɗe a rana. Saboda su ake ajiye yawancin alluran rigakafi tsakanin digiri 2 da 8, ake kuma rubuta a kwalin magani cewa kada zafi ya wuce digiri 25 ko 30. Maganin da ya wuni a faranti a kan mai talla cikin ranar Afrilu yana iya rasa ƙarfinsa tun kafin ranar da aka buga a jikinsa ta zo. Wannan ilimi ne da ya kamata ɗalibi ya koma da shi gida.

Gwaje-Gwaje Domin Aji

1. A tafasa zoɓo ba tare da sukari ba, a tace, a zuba shi da ɗuminsa a tsabtatattun kwalabe uku masu haske. A cika ta farko maƙil a ajiye ta gindin randa cikin duhu. A zuba rabi a ta biyu a ajiye ta kusa da ta farko. A cika ta uku a sa ta inda rana take dukanta. A rufe su duka, a riƙa rubuta launinsu kullum har mako biyu. Kada kowa ya sha abin da aka yi gwaji da shi.

2. A jiƙa bagaruwa ta kwana, a tace ruwanta. A kaɗa farin ƙwai a cikin kofin ruwa, a tace shi ma. A ɗiga ruwan bagaruwar a kansa a lura da abin da zai faru. Masu yin giya a Bordo sun daɗe suna amfani da farin ƙwai don rage tanin, ɗalibai su bayyana dalili.

Tambayoyi Domin Bita

1. Rubuta bambanci uku tsakanin aikin yis da na Acetobacter.

2. Ruwan inabi mai sukari giram 221 a lita, kimanin kashi nawa na itanol zai bayar?

3. Idan wani sinadari yana lalacewa cikin shekara takwas a digiri 13, tsawon wane lokaci zai ɗauka a digiri 33?

4. Me ya haɗa aikin majemi da baurin goro?

5. Me gwajin bututun Pasteur ya tabbatar, kuma wanne ne bututun kwatance a cikinsa?